Gidan da Baffa Ya Cire wa Ƙyamare

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma Baffa ya riga mu komawa. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ban san maraici ba. Ya rasu wata Laraba da hantsi a gidanmu na Salaga, cikin ɗakin da aka haife shi. Na rubuta wannan don kada abin da masu zaman makoki suka faɗa ya zama shi kaɗai aka sani game da shi. Zan fara da abin da suka faɗa, sannan abin da na sani, sannan inda al'amarin ya bar ni.

Labarin ya same ni a Bawku a bakin wani direba, ina kan keken ɗinki. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da gida cike da mutane, amma abin da na fara ji ba kuka ba ne, mita ce. Matan da suka zo daga Yendi suna tsaye a tsakar gida da ƙullin kayansu, suna duba ɗakunan baƙi ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan wane irin gida ne?" in ji wata. "Ɗaki bayan ɗaki, ba ƙyaure ko ɗaya! A nan za mu kwana, awaki na tsallake mu?"

"Sayarwa ya yi," in ji ta kusa da ita, ta rage murya amma ba sosai ba. "Talaucin da ake ɓoyewa ya fi cin mutum."

Wani dattijo ya ce gara ce ta cinye su. Wani ya ce a'a, tsufa ne ya taɓa masa kai. Sai abokin Baffa, wani tsohon Bagwanje, ɗan ƙabilar masu garin, da suka yi shekaru suna dara tare bayan la'asar, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku bar mutum nan ya kwana lafiya," ya ce, da irin Hausarsa. "Kai nashi ya fi naku duka. Ku rataya zani a ƙofa, akuya ba zai ci ku ba. Ku ma kun yi tauri."

Aka yi dariya kaɗan, aka rataya zannuwa da tabarmi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi mita ba, ba ta kuma yi kuka ba: Gwaggo, autar su Baffa, wadda ta dawo gidan tun mutuwar mijinta. Tana zaune tana fuskantar ƙyauren zaure, shi kaɗai ya rage ban da na ɗakunan kwanansu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ka iso? Madalla. Ashe gidan ba zai zama kango ba."

Na gane abin da take nufi. Ina da shago a Bawku, ina da mata da 'ya'ya, ina da mutanen da ba sa kai yadinsu ko'ina sai wurina. Gwaggo kuwa so take in bar duk wannan in zo in zauna inda Baffa ya zauna.

Yanzu abin da na sani.

Kakanmu mai masaukin fatake ne. A zamaninsa ayari na sauka a gidan nan, a ajiye goro da kanwa a ɗakunan baƙi, shi ya sa aka yi musu ƙyamare na katako mai kauri, irin waɗanda ake kafawa cikin gurbi sama da ƙasa, sai ƙarti biyu sun taru suke ɗaga ɗaya. Lokacin da Baffa ya fara gemu, ya ƙulla niyyar tafiya Yendi karatu wurin wani malami, har ya ɗaure kayansa. A makon ne Kaka ya tashi bin wani ayari zuwa ƙasar Hausa. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ka riƙe gidan nan har in dawo." Baffa ya ce, "To, Baba." Ya kwance kayansa.

Kaka bai dawo ba. Ba a kawo labarin mutuwarsa ba, ba a kawo na rayuwarsa ba. Daga ranar har zuwa Larabar nan, Baffa bai taɓa kwana a wajen gidan ba. Ko biki ko mutuwa, in wurin ya fi a je a dawo kafin magariba, sai dai ya aika. Ayari ya daina zuwa, motoci suka maye gurbinsa, baƙi suka koma kwana a tasha. Daga baya aka datse kogi, ruwan tafki ya taso ya cinye tsohuwar hanyar Yeji, manyan motoci suka koma wata hanya, Salaga ta ƙara yin shiru. Duk da haka kowace safiya Baffa na sa a share ɗakunan baƙi, a zuba ruwa a randar zaure.

Mutum ne mai tsari. Carbinsa da butarsa da takalminsa kowanne da wurinsa. Abin da ya fi tsana shi ne ya tambayi matashi abin da yake shirin yi, ya ce masa, "Sai yadda ta yiwu." Nan take fuskarsa za ta ɗaure. Yana da tambayoyi uku, kullum a jere, ba ya tsallake ɗaya: "Ina za ka? Da me za ka? Ta yaya za ka san ka isa?" Duk wanda ya tashi a gidan nan ya sha su, mace ko namiji.

Ni na sha su da zafi. Ina saurayi na same shi a zaure na ce zan tafi neman arziki.

"Arziki a wace hanya yake?" ya ce. "Kafin Bimbila ko bayanta? Faɗa mini in gaya wa direba inda zai sauke ka."

Abokinsa Bagwanje ya kwashe da dariya. Na ce ai kowa haka yake tafiya, Allah ya buɗa masa.

"Allah na buɗawa. Amma kai ba tafiya kake so ba, gudun gidan nan kake yi. Wanda ya fita don gudu, duk inda ya gaji nan zai zauna. Je ka ɗebo ruwa."

Na yi fushi da shi har damina ta wuce, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi kuwa ko a jikinsa. Da na huce, na dawo na ce zan je Yendi in koyi ɗinki wurin wani tela, in na iya in wuce Bawku, don kasuwarta ta fi girma, mutane na shigowa daga ƙetaren iyaka, ƙasashen renon Faransa. Ya ce da me? Na ce da almakashin mahaifina da hannuna biyu. Ya gyaɗa kai. Sai ta ukun. Na ce in na sayi keke na kaina.

"Keke ƙarfe ne. Wawa ma na iya mallakarsa. Sake tunani."

Na tafi na yi kwanaki ina juya ta. Da na dawo na ce, "Ranar da mutumin da bai san ni ba, ba dangina ba, ya kawo mini yadi, ya karɓa, ya tafi, sannan ya sake kawo wani."

Baffa ya ce, "Yanzu ka yi magana. Tashi ka ɗaure kayanka."

Shi ya raka ni tasha. A nan na ga abin da har yau yake damuna. Ya tsaya jikin mota yana jera mini hanya: Bimbila, Yendi, Gushegu, inda hanyar Karaga ta rabu, gangaren dutsen Nakpanduri inda ya ce in sauka in taka da ƙafa in direba yaro ne, sannan Garu, sannan Bawku. Ya san inda ruwa ke da daɗi, ya san inda ake cutar baƙo. Wani fasinja ya ce, "Malam, lallai ka sha hanyar nan." Baffa ya ce, "Ban taɓa ganinta ba. Baƙi ne suka ba ni labari." Mota ta tashi. Na waiwaya, yana tsaye, hannayensa a baya, har kwana ta ɓoye shi.

Na yi shekaru a Yendi ina ɗinke maɓalli da guga kafin maigidana ya bar ni in taɓa almakashi. Sau da yawa na so in bari in bi motoci. Abin da ke hana ni shi ne na san akwai ranar da nake jira, kuma na san kamanninta. Ta zo mini a Bawku, a wata rumfa mara ƙofa, inda nake ɗaukar kan keke in kai gida kullum da yamma. Da Babbar Salla na zo Salaga na faɗa wa Baffa cewa wani manomi Bakusashe daga Binduri ya kawo mini yadi karo na biyu.

"Dangin matarka ne?"

"A'a, Baffa."

"Makaho ne?"

"Idonsa biyu garau."

"To, ka isa."

Ya miƙe, ya kira maƙwabci, suka nufi ɗakin baƙi na farko. Ina kallo suka ɗaga ƙyauren daga gurbinsa, suka jingine shi a tsakar gida. Ya ce, "Naka ne. Tela mai ɗaukar keke a ka kullum ba tela ba ne, ɗan dako ne. Ka gina shago, ka kafa wannan."

Gwaggo ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar.

"Yaya! Ƙyauren Baba? Riƙewa aka ce ka yi ko rabarwa?"

"Ina riƙe da shi. Kin taɓa ganin na kwana waje?"

"In ya dawo ya tarar da ɗakinsa a hangame fa?"

"Sai ya tambaye ni, in ba shi amsa. Ni aka bar wa, ba ke ba."

Ta koma madafa, tuwon ranar ya zo da gudaji.

Da yamma, muna zaune mu biyu a zaure, na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, kai kana tambayar kowa. Kai fa, ina za ka?"

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Ta ukun ita ce ban yi wa Baba ba. Ya ce har ya dawo. Da na ce masa, in ba ka dawo ba fa? Uba ne, da ya ba ni amsa. Da ya ce shekara kaza, ko ya ce in ƙannenka sun girma. Amma na ga kamar rashin kunya ne, na ce to."

"Ai yanzu kowa ya san…"

"Na fi ka sani. Na san ya mutu. Amma ba wanda ya zo ya faɗa mini, kuma ba wanda ya sallame ni." Ya nuna ramin da ƙyaure ya bari. "Ɗakin da ba ƙyaure ba ya bukatar mai tsaro. So nake ranar da na mutu a duba, a rasa abin da za a ce wa wani ya riƙe."

Haka ƙyamaren suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru. Ba gara, ba talauci. Duk wanda ya amsa tambayoyin, ya je, ya isa, sai ya dawo ya ɗauki nasa. Na biyu ya tafi Yendi wurin Yaya, babbar 'yarsa. Ita mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta dawo gida tana kuka, tana cewa ita tata ta ƙare, a ba ta ɗaki ta zauna. Baffa ya bar ta ta gama takaba, bai ce mata komai ba, kullum shi ke kai mata kunu da hannunsa. Ranar da ta fita takaba ya zaunar da ita ya yi mata tambayoyin, a hankali, ba yadda ya yi mini ba. Ta ce ba ta iya komai ba. Ya ce, "Wa ke dafa man kaɗanyar da ake roƙo har daga Kpembe? Aljani?" Yau Yaya na da ɗakin ajiya a bayan kasuwar Yendi, masu saye na zuwa mata daga kudu, kuma ƙyauren Kaka ne a bakin ɗakin.

Na zauren ya ajiye wa Gwaggo. Yaya ta gyara mata ɗaki a Yendi, ni ma na yi mata tayi a Bawku. Kowace shekara Baffa yana tambayar Gwaggo, "Ke ina za ki?" Kowace shekara amsarta ɗaya: "Inda aka bar ni." Tana yarinya ƙarama Kaka ya tafi. Ta ce abin da ta riƙe na ubanta shi ne bayansa yana fita daga zauren nan, kuma ba za ta je garin da bai san yana da 'ya a ciki ba. A nan dabarar Baffa ta tsaya. Ya kwashe katako ya rabar, amma 'yar'uwarsa ba katako ba ce da za a ɗaga daga gurbi.

Yanzu inda al'amarin ya bar ni.

Bayan sadakar bakwai aka tara mu a zaure: liman, Gwaggo, Yaya, abokin Baffa, da ni. Liman ya yi addu'a, ya ce marigayi bai bar ɗa namiji ba, kuma gida ba ya zama ba namiji. Yaya ta ce Gwaggo ta bi ta Yendi, a rufe gidan. Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. Ni ta kalla.

"Ɗana," ta ce, "ka riƙe gidan nan."

Na ji "to" ta taso mini har bakin haƙora. Haka aka raine mu, babba ya yi magana ka amsa. Na haɗiye ta. Na ce, "Gwaggo, har yaushe?"

Liman ya yi gyaran murya. "Kai, ana yi wa uwa irin wannan tambaya?"

"Bari shi, Malam," in ji Bagwanje. "Yaro nan ba shi ne yana magana ba. Wanda mun binne ne."

Na yi tsammanin Gwaggo za ta zage ni, ko ta ce har abada, in sami hujjar ƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Tambayar marigayi ce, na san ta. To ga amsa. Har in mutu. Ran da kuka binne ni, ka cire na zauren ka tafi, na yafe. Ba zan daɗe ba, kada ka damu."

Ta ba ni abin da Kaka bai ba Baffa ba, ta faɗa mini ranar da zan san na isa. Ita ta goye ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo. Na dubi Yaya, Yaya ta sunkuyar da kai. Na ce, "To, Gwaggo."

Ban yi nadamar amsawa ba, amma ba zan ce ta yi mini daɗi ba. Gwaggo har yau ita ke jan ruwa a rijiya da hannunta, haƙoranta sun fi nawa. Kowace safiya ina durƙusawa in ce, "Gwaggo, an tashi lafiya?" ta ce, "Lafiya lau," in ce, "Madalla," kuma ina roƙon Allah ya sa madallar nan ta ci gaba da fitowa daga zuciyata, kada wata rana ta zama ta baki kawai. Baffa ya jira wanda ba zai zo ba. Ni an ba ni ranar da ba ni da ikon in so zuwanta. Ban san wanne ya fi nauyi ba.

Bayan arba'in na koma Bawku in kwaso iyalina da keke ɗaya. Shagon na bar wa ƙanen matata, magidanci ne, mun daɗe muna ɗinki tare. Mota na jira, direba na ta danna oda, na tsaya a bakin shago, hannuna a kan ƙyauren Kaka, na ce masa, "Ka riƙe shagon nan har in dawo."

Ya ce, "To, Yaya."

Na kai ƙafa ɗaya cikin mota sannan na ji abin da ya fito daga bakina. Na sauko. Direba ya ce, "Maigida, rana na yi fa!" Na ce ya jira. Na koma na tsaya gaban ƙanen matata.

"Ba ka tambaye ni ba."

"Me zan tambaya?"

"In ban dawo ba fa?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, wane irin fata ne wannan? Za ka dawo mana."

"Tambaye ni."

Ya ga ba wasa a fuskata. Ya ce, "To, in ba ka dawo ba fa?"

Na kira maƙwabtan shago biyu su zama shaida. Na ce, "In damina biyu ta wuce ba ka gan ni ba, shagon naka ne, da keken da ya rage, da ƙyauren. Ka zauna in kana so, ka sayar in kana so, ka tafi Navrongo in can zuciyarka take. Kada ka jira ni ko kwana ɗaya bayan haka. Na sallame ka tun yau."

Yanzu a zauren Baffa nake ɗinki, kusa da randar da har yau ake cikawa kowace safiya. Aiki kaɗan ne, garin ba mutane. Bagwanje na zuwa bayan la'asar da dararsa, yana cinye ni, yana cewa ban kai rabin marigayi ba, kuma gaskiyarsa ne. Ɗakunan baƙi na nan a hangame. Wanda ya wuce ya ga haka, kada ya ce gara, kada ya ce talauci. Ya je Yendi, ya je Bawku, ya ga inda ƙyamaren suke aiki.

Ya Allah, Ka jiƙan Baffa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda ba a rabuwa. Bawanka ya riƙe abin da aka ba shi har ƙarshe, bai kwana waje ba. Ya Allah, Ka sallame shi.